Cikar Wata A Ƙasar Indiya Da Masu Saurin Yanke Hukunci

Tun cikin shekarun 1950 aka fara nuna finafinan Indiya a gidajen silima na Kano, har abin ya bazu ko'ina cikin ƙasar Hausa. Saboda haka da wuya a sami baligin da bai taɓa ganin Indiyawa suna watsa wa juna garin launi ja da kore ba, ko yarinya tana ɗaura wa wanta zare a wuyan hannu, ko kuwa mata sun jeru a bakin kogi da dare suna saka 'yan fitilu a kan ruwa. An ga waɗannan abubuwa har an gaji da gani. Amma in aka tare masu kallon aka tambaye su ran da a ke yin bukukuwan nan, da dalilin yinsu, sai a ga kowa ya hau sosa ƙeya. Amsar kuwa gajera ce. Duka ukun suna rataye da dare guda, watau daren da wata ya ke cika, wanda mabiya addinin Hindu su ke kira Furnima.

Rashin sanin wannan ba laifi ba ne, don ba wanda aka haifa da sani. Laifin yana ga mutane iri biyu da su kan yanke hukunci tun ba su ji shari'a ba. Na farko shi ne wanda ya sami ɗan karatun zamani, ya rataya kalanda a bangon ɗakinsa, ya shiga cewa duk al'ummar da ke duban wata don ta san ranar ibadarta tana cikin duhun kai. Na biyu shi ne wanda ya ke ɗaga hannu ya ce, ai waɗannan masu bauta wa wata ne kawai, ba abin da ke cikin sha'aninsu da ya isa mai hankali ya bincika. Dukansu biyu sun yi kuskure, kuma kuskuren nasu yana da sauƙin nunawa.

Yadda Su Ke Lissafi

A fara da mai kalanda. Shi a zatonsa mutanen nan fita su ke yi tsakar gida su ɗaga kai, in sun ga wata ya yi fari ƙal su ce yau salla. Ba haka abin ya ke ba. Masanansu sun ɗauki sama kamar da'ira, sun raba ta daraja 360. Sa'ad da wata da rana suka haɗu a gefe guda, wata ya ɓace, wannan shi ne Amawasya, watau duhun wata. Daga nan wata ya kan riƙa yi wa rana nisa. Duk sa'ad da nisan ya ƙaru da daraja 12, sai su ce an yi kwana guda na wata, sunan wannan kwana tithi. Tithi 30 ne wata guda, 15 na farin wata, 15 na duhunsa. Furnima ita ce tithi ta 15 ta farin wata, tana farawa sa'ad da nisan ya kai daraja 168, tana ƙarewa a 180, lokacin da wata ya ke fuskantar rana sosai, ƙasa tana tsakaninsu.

Tafiyar wata ba ta da sauri iri ɗaya kullum, don haka tithi ta kan gajarta har wajen awa 19, ta kan kuma tsawaita har wajen awa 26. Tana iya shiga da hantsi ta fita da asuba. Wannan ya sa a ke buga littafin lissafi kowace shekara, wanda su ke kira fancanga, mai nuna awa da mintin da kowace tithi za ta shiga da wanda za ta fita. Wanda ya iya aikin nan, in an kira shi jahili, to, an rasa wanda za a kira malami.

A nan ma a ke gane wani abu da ya kan rikita mutane. Musulmi suna fara ƙirga daga daren da aka ga jinjirin wata, wanda ba ya bayyana sai bayan kwana ɗaya ko biyu da haɗuwarsa da rana. Shi ya sa Bahaushe ya ke yabon kyakkyawa da wata ɗan daren goma sha huɗu, su kuwa su ke ce masa na goma sha biyar. Wata guda ne, dare guda ne, mafarin ƙirga ne ya bambanta.

Sa'an nan ga maganar shekara. Wata guda kwana 29 ne da rabi, goma sha biyunsa su ba da kwana 354, shekarar rana kuwa 365 ce. Watau akwai ratar kwana 11 kowace shekara. Musulunci ya hana ƙara wata, shi ya sa azumi ya kan zaga damina da kaka da rani cikin shekara kamar 33. Su mutanen Indiya suna so bukukuwansu su tsaya tare da shuka da girbi, don haka su kan ƙara wata guda bayan kowane wata 32 da 'yan kwanaki. Ba da ka a ke ƙara shi ba, yana da ƙa'ida: watan da ya shige rana ba ta sauya buruji a cikinsa ba, shi ne watan ƙari. A 2023 watan Sharawana ne ya zo sau biyu. A arewacin Indiya wata yana ƙarewa ne ran Furnima, a kudu da yamma kuwa ran Amawasya, amma ranar cikar watan ɗaya ce ga kowa.

Sunayen watannin ma daga cikar wata aka samo su. Sun raba hanyar wata masaukai 27 na taurari, kamar yadda malaman hisabi su ke da manzili 28 da suka gada daga Larabawa. Tauraron da wata ya cika kusa da shi, shi ke ba watan suna. Watan Kartika, alal misali, ya sami sunansa daga gungun taurarin da su ke kira Kirtika, su ne Larabawa ke ce wa Surayya, Hausawa kuwa Kaza da 'Ya'yanta.

Wannan ilimi kuma tsoho ne. A shekara ta 499 Ariyabata ya rubuta cewa hasken wata aro ne daga rana, husufi kuwa inuwar ƙasa ce ta ke faɗa wa wata. Bayan samun mulkin kai, gwamnatin Nehru ta kafa kwamiti a 1952 a ƙarƙashin masanin taurari Meghnad Saha, suka tarar da kalanda wajen 30 a ƙasar, suka tsara ta gwamnati wadda aka fara aiki da ita ran 22 ga Maris, 1957. Duk da haka ba a taɓa ranakun ibada ba, aka bar su bisa tithi, hukuma ma da kanta ta ke buga lissafinsu daga birnin Kalkata. Ƙasar nan ce kuma ta saukar da kumbonta Chandrayaan-3 kusa da kudancin wata ran 23 ga Agusta, 2023. Bayan mako guda aka yi bikin ɗaurin zare na cikar wata, ba wanda ya fasa. Ashe duban wata bai hana kowa zuwa wata ba.

Abin Da A Ke Yi A Ranakun Nan

Akwai ayyuka huɗu da su ke tafiya da kowace Furnima: wanka a kogi ko tafki tun da asuba, azumi, sadaka, da taron gida inda a ke karanta labarin Satyanarayan, wanda suna ne na Wishnu, ɗaya daga manyan ababen bautarsu. Azuminsu ya bambanta da na Musulmi, waɗansu su kan sha ruwa ko madara su ci 'ya'yan itace, su bar hatsi da gishiri har wata ya fito. Bayan waɗannan, kowane wata yana da nasa sha'ani.

A cikar watan Waishaka, wajen Afrilu ko Mayu, a ke tuna haihuwar Buda da wayewarsa da rasuwarsa, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a 1999. A ta Jeshta matan aure na yammacin ƙasar su kan yi azumi, su zaga wata babbar bishiya dangin cediya da zare, suna roƙa wa mazansu tsawon rai. A ta Ashada, wajen Yuli, sa'ad da damina ta sauka, a ke yin Guru Furnima, watau ranar malamai. Ana danganta ta da Wiyasa, wanda su ke cewa shi ya tsara littattafansu na farko. Ran nan almajiri, ko da ya tsufa, ko da ya zama attajiri, ya kan nemi malaminsa ya durƙusa ya taɓa ƙafarsa. Makaɗi yana yi wa wanda ya koya masa kiɗa, ɗan kokawa yana yi wa ubangidansa. Masu gudun duniya kuwa su kan daina yawo, su zauna wuri guda suna karantarwa har ruwa ya yi sauƙi.

A ta Sharawana, wajen Agusta, a ke yin Raksha Bandan. 'Yar'uwa ta ɗaura wa ɗan'uwanta zare, shi kuma ya ba ta kyauta ya ɗauki alkawarin tsaya mata. Wanda ya san cewa a arewacin Indiya a kan aurar da yarinya can wani ƙauye mai nisa, zai gane amfanin ranar da ta ke tilasta wa gidan uba su tuna da ita kowace shekara. A ranar nan dai masunta na gaɓar Mumbai su kan jefa kwakwa cikin teku, alamar haukan damina ya lafa, jirage za su koma su. Daga cikar watan Badarafada a ke shiga kwana goma sha biyar na tuna iyaye da kakanni da suka rasu, ana ciyar da mutane da sunansu. A ta Ashwin, bayan ɗaukewar ruwa, a kan dafa shinkafa da madara a bar ta a farin wata, a kwana ba barci, don suna cewa Lakshmi, wadda su ke roƙo a kan arziki, tana zagawa daren nan tana neman wanda ke farke.

Ta Kartika, wajen Nuwamba, tana cikin mafiya girma. A Banaras a kan jera fitilun kasko a matakalan bakin Kogin Ganga tun daga wannan ƙarshen gari har wancan. A Fushkar, cikin jihar Rajastan, masu ziyara suna wanka a tafki, a gefe kuma ga kasuwar raƙuma ta cika. A jihar Odisha yara da manya su kan saki 'yan jiragen takarda da na ɓawon ayaba a ruwa, don tunawa da fatakensu na dā da su ke tashi a wannan lokaci zuwa Bali da Jawa da Sumatara. Mabiya addinin Sikh ma a ranar su ke bikin haihuwar Guru Nanak, wanda aka haifa a 1469. A ta Fausha, wajen Janairu, masu ibada su kan kafa bukkoki a mahaɗar Ganga da Yamuna su zauna wata guda suna cin abinci sau ɗaya a yini. A ranar ce, 13 ga Janairu, aka buɗe babban taron Kumba Mela na 2025.

Ta ƙarshe ita ce ta Falguna, wajen Maris, daren Holi. Labarin da su ke bayarwa shi ne, an yi wani azzalumin sarki da ya ce a bauta masa, ɗansa Farahalada ya ƙi. Sarki ya sa 'yar'uwarsa Holika, wadda aka ce wuta ba ta cinta, ta rungumi yaron ta shiga wuta. Ita ta ƙone, yaron ya fito lafiya. Don haka a ke hura wuta daren cikar wata, kashegari a yi wasan launi. Mai kallon silima launin kaɗai ya ke gani.

To, a dubi jerin nan da kyau. Girmama malami, riƙon zumunci, tuna matattu, ciyar da mabukaci, godiya bayan girbi, ƙin bin azzalumi. Ko mutum bai yarda da ko ɗaya daga ababen bautarsu ba, ba zai ce waɗannan al'amura wasan yara ne ba.

Dalilin zaɓen wannan dare kuma a fili ya ke. Cikakken wata yana fitowa da faɗuwar rana, ba ya faɗuwa sai gari ya waye, don haka matafiyi yana iya kwana bisa hanya ba fitila. Ga shi kuma kalanda ce da ke rataye inda kowa zai gani, wanda ya iya karatu da wanda bai iya ba. In aka ce wa mutanen ƙauyuka dubu su haɗu a bakin kogi ran da wata ya cika, ba a bukatar ɗan aike na biyu. Duk wanda ya girma a ƙauye kafin ya shiga ajin yaƙi da jahilci ya san haka, don da wata ya ke sanin ran biki da ran biyan bashi. Abin kunya ne ya koyi baƙi jiya, yau ya juyo yana raina littafin da ya fara karantawa.

Maganar Bauta

Saura mutum na biyu, mai cewa bautar wata ce kawai. Gaskiya ɗaya ce, maganarsa ba ta rasa tushe ɗungum ba. A addinin Hindu ana ɗaukar wata, wanda su ke kira Candara, a matsayin abin girmamawa cikin halittun sama guda tara, kuma masu azumi da yawa su kan zuba ruwa ko madara suna fuskantarsa kafin su ci abinci. Wannan ba abin ɓoyewa ba ne, kuma Musulmi da Kirista duk ba za su yarda da shi ba. Amma kalmar nan "kawai" ita ce ƙarya. A jerin da ya gabata, Wishnu a ke nufa, ko Shiwa, ko Lakshmi, ko malami, ko kakanni. Wata aikinsa shi ne nuna lokaci. Babbar shaida kuwa ita ce Diwali, bikin da ya fi kowane shahara a ƙasar, a daren Amawasya a ke yinsa, sa'ad da babu ko ɓurɓushin wata a sama. Daren Shiwa mai girma ma a ƙarshen duhun wata ya ke faɗowa. Masu bautar wata zalla ba za su ajiye manyan bukukuwansu a daren da ba ya nan ba.

In kuwa ɗaura ibada ga cikar wata shi ne bauta masa, to, tuhumar za ta hau mutane da yawa. Yahudawa suna fara Idin Ƙetarewa ran 15 ga watansu na Nisan, daren cikar wata. Kirista suna yin Ista ran Lahadin da ta biyo bayan cikar watan farko daga 21 ga Maris, shi ya sa ba ta tsayawa a rana guda cikin kalandar da mutum na farko ya ke taƙama da ita. Mutanen Sin suna bikin tsakiyar kaka ran 15 ga watansu na takwas. A Siri Lanka kowace ranar cikar wata hutu ce. Musulmi kuma suna azumin nafila ran 13 da 14 da 15 ga wata, ba wanda ya taɓa cewa wata su ke yi wa. Ma'auni daban, abin da a ke aunawa daban.

Ba a ce sha'anin nasu ba shi da aibi ba. Akwai masu duba da ke tsorata talakawa da taurari don su karɓe musu kuɗi. Akwai maye da cin zarafin mata da a kan yi a fake da wasan Holi, jaridun ƙasar ma suna kuka da shi. Akwai ƙazantar da taro ya ke bari a koguna. Har yanzu kuma akwai masu cewa wani dodo mai suna Rahu ne ke haɗiye wata ran husufi, shekara fiye da 1,500 bayan Ariyabata ya bayyana gaskiyar abin. Sai dai kafin a yi musu dariya, ya kamata a tuna da gwangwanayen da yara su kan fita suna kaɗawa a ƙasar Hausa don rana ta saki wata. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Misalin Albiruni

Akwai wanda ya riga kowa nuna hanyar da ta dace, kuma Musulmi ne. Abu Raihan Albiruni, wanda aka haifa a 973, ya zauna a fadar Sarki Mahmudu na Gazna, mai yawan kai yaƙi ƙasar Indiya. Da ya so, da ya zauna ya zagi mutanen da ubangidansa ya ci da yaƙi, ya sami tukuici. Sai ya koyi harshensu na Sanskirit, ya zauna gaban malamansu, ya karanta littattafansu, ya rubuta littafi mai babi 80 a kansu wajen shekara ta 1030. A ciki ya bayyana tithi, da watan ƙari, da ranakun azumi, da bukukuwa. Ya rarrabe abin da masanansu suka yi imani da shi da abin da jama'ar gari suka ɗauka. Inda suka yi daidai ya yaba, inda suka kauce ya faɗa, har ya zargi babban masaninsu Barahamagufta da riƙe maganar Rahu alhali ya san lissafin husufi. Ya mutu yana Musulmi, bincikensa bai rage masa kome ba, yau kuwa Indiyawa da kansu suna komawa ga littafinsa don su san yadda kakanninsu suka zauna.

Wannan ita ce ribar karatu. Sanin addinin wani ba shigarsa ba ne, kamar yadda sanin hanyar wani gari ba ƙaura ba ce. Mabiya addinin Hindu sun haura mutum miliyan dubu, suna Indiya da Nefal da Morishas da Fiji da Tirinidad, suna kuma cikin manyan biranen Afirka suna ciniki da aikin asibiti da koyarwa. Ɗan kasuwar da ya je Mumbai saro kaya, da majinyacin da aka kai Delhi, da ɗalibin da aka tura karatu, duk za su tarar da kantuna a rufe wata rana, ko abokin hulɗa ya ƙi cin abinci. Wanda ya san dalili zai gaishe shi da mutunci, a rabu ana ganin girman juna. Wanda bai sani ba zai saki baki ya faɗi abin da zai jawo wa kansa da mutanensa raini.

Jahilcin wanda bai iya karatu ba yana da uzuri, don ji ya yi aka gaya masa. Amma wanda aka buɗe wa ido, aka sa masa littafi a hannu, sa'an nan ya ci gaba da yanke wa al'umma guda hukunci bisa abin da ya hango a silima, to, ya karɓi takardar shaida ne ya bar ilimin a aji. Wanda ya ga wata ya cika, ya kuma san cewa a can gabas waɗansu sun yini da azumi, waɗansu sun tafi gai da malamansu, waɗansu suna ɗaura wa 'yan'uwansu zare, yana da iko ya ce hanyarsu ba tasa ba ce. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya ce ba su san abin da su ke yi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, matambayi kuwa ba ya ɓata.